Gine Bakwai a Cikin Ambulan

Assalamu alaikum, 'yan matana da iyayen 'yan matana. Wadda ta rubuto min a ƙarƙashin shafin jiya cewa, "Hajiya, ai ruwa ba ya tsami banza," na gani. 'Yar nan, na haura sittin da biyar a duniya. Na sha ganin ruwan da lafiyarsa lau, bakin mai ɗanɗanon ne ke da ɗaci. Gyara zama ki ji.

Waɗanda suka shigo yau, ga inda muke. Shekarar 1983 ce, a Alƙahira. Ni Rabi'atu, shekarata ashirin da biyar, ina ajin ƙarshe a jami'a. Ina zaune wajen yayar mahaifina, Gwaggo Azumi, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu can bayan layin dogo a Ma'adi, ba ɓangaren Turawa mai itatuwa ba. Gwaggo girki take yi wa wani gidan jakada a Zamalek. Mu uku ne a gidan, ta ukunmu Mardiya, 'yar shekara goma sha biyu. Uwarta Bamisiriya ce, wajen haihuwarta ta rasu. Ubanta Ma'azu jikan alhazan ƙafa ne da suka yada zango a Masar ba su koma ba, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ya miƙa wa Gwaggo jaririyar tana da kwana tara. Da shi ma ya rasu tana shekara bakwai, hukuma ta bar wa Gwaggo riƙonta a rubuce, aka kuma yanka wa yarinyar kuɗin marayun ma'aikata duk wata. Ma'ash suke ce masa.

Sai kuma Hassumi. Mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, ɗalibin fiƙihu, dogo, siriri kamar a busa ya faɗi. A ɗakin Ma'azu ya fara sauka da ya zo Masar, shi ya sa takardun Mardiya suke hannunsa. Duk ɗaya ga wata zai zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ajiye ambulan a gefen tabarmar Gwaggo, ya ce, "Ga na Mardiya." Gine bakwai ne a ciki, wato fam ɗin Masar. A wajen ajiye ambulan ɗin nan muka fara haɗa ido, har ta kai ya aiko da kayan na-gani-ina-so: turmi biyu, turare, da wani agogon hannu da ke gaba da minti goma.

Zancen daga shagon Baffa Gidaɗo ya taso, a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, inda 'yan kasuwa da ɗalibai ke taruwa bayan Juma'a. Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne waliyyina a Masar. Wani Ɗantsoho mai canji ne ya ce ya bincika, marayan ma'aikaci mai matsayin Ma'azu gine goma sha takwas ake ba shi. To ina sha ɗaya? Kafin a sha shayi zagaye na biyu an gama shari'a: Hassumi na cin kuɗin marainiya, yana aikawa Tawa ana saya masa shanu.

Ku da kuke ganin sai da waya gulma ta yi fiffike, ku saurara. Cikin sati uku zancen ya je Katsina ya dawo a kaset. Wani alhaji ya kawo min. Na saka a rediyo, sai muryar Innarmu, da kukan zakara a bayanta: "Rabi, an ce wanda kika kawo wuta yake zuba wa cikinsa. Ban haife ki don ki dafa min tuwo da haƙƙin maraya ba. Ki bi abin da Baffanki ya ce."

Washegari sai ga Baffa da kansa, cikin shadda ruwan toka da ta sha bugu, yana haki saboda matakala. Ko ruwa bai karɓa ba.

"Ki haɗa masa kayansa. Ƙarshen watan gobe na ba ki."

"Baffa, wa ya gan shi yana karɓar sha takwas ɗin?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ɗin nan, a wace unguwa yake? In je in gaishe shi."

"Kin gani ko, Yaya?" Ya juya wajen Gwaggo. "Abin da nake faɗa ke nan. Boko a kan Larabci, ai sai a hankali."

Gwaggo tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. "Ni dai yaron nan bai taɓa ɗaga min ido ba," ta ce. "Amma mutum mugun icce ne."

A raina na ce, to, icce ma ai ana duba 'ya'yansa kafin a sare.

Wayar unguwarmu guda ɗaya ce, a kantin Ammu Sa'id. In an kira ka ba ka nan, sai ya rubuta saƙon a takardar naɗe cuku. Na bar wa Hassumi saƙo a masaukin ɗalibai cewa ina son gaskiya, ba wa'azi ba. Da yamma Ammu Sa'id ya miƙo min takarda duk maiƙo: "Ustaz Hassumi ya ce bai ci ba. Ya ce ki yi haƙuri." Shi ke nan. Na juya bayan takardar ko akwai ci gaba, sai farashin zaitun.

'Yan mata, ku riƙe wannan. Namiji mai kunya ya fi maƙaryaci wahalar bincike. Maƙaryaci aƙalla yana magana.

Ɗaya ga wata na ce wa Gwaggo ina da lacca. Na ajiye atamfa, na zura doguwar riga baƙa irin ta matan Masar, na yafa mayafi har goshi, na sa takalmi mara tsini saboda gudu. Na san jirgin ƙasan da Hassumi yake shiga ranar da yake kawo ambulan. Na hau taragon baya, muka sauka a tashar Babul Luƙ, na bi shi daga nesa. Farar rigarsa ce a jikinsa, wadda wuyanta ya sha ɗinki. Na ce a zuciyata, in dai wannan ne mai shanu, to shanun sun ci amanarsa.

Ya shiga wani tsohon gini na hukuma, hawa na uku. Layi biyu ne a wajen. Na dama dogo ne, zawarawa da tsofaffi riƙe da katin karɓar kuɗi. Na hagu gajere ne, na masu ƙorafi. Hassumi ya wuce na dama ko kallo bai yi ba. Ya sayi tambarin manne wa takarda a wajen wani tsoho, ya lasa, ya manna, ya tsaya a layin hagu. Ya miƙa takarda ta taga, aka faɗa masa wata magana, ya sunkuyar da kai, ya juya. Ko sisi ban ga an ba shi ba.

Yana sauka na matsa tagar. Wata mata ce mai ƙiba, gilashinta rataye da sarƙa, tana cin burodi da wake a cikin aljihun tebur. Madam Su'ad sunanta.

"Bukra," ta ce, ba ta ko dube ni ba. Wato gobe.

Na ce mata da Larabcin kasuwa, ba na makaranta ba, "Madam, mutumin da ya bar nan yanzu aurena zai yi. In na bari sai gobe, ƙila na auri ɓarawo."

Cak ta tsaya da tauna. Duk duniya babu ma'aikaciyar da ke cewa gobe in an zo mata da zancen aure. Ta buɗe min ƙofar gefe, ta tura min kujera, har da rabin burodinta.

"Wannan dogon? Ya binti, 'yata, wannan ai ya fi agogon bangon nan zuwa a kan lokaci. Duk wata sai ya kawo takardar roƙo." Ta jawo wani fayil ɗaure da igiya, ya yi kauri kamar matashi. "Fayil ɗin yarinyar a dakatar yake. Ga dalili."

Ta nuna min da ɗan yatsa. Bayan rasuwar Ma'azu an aiko wata jami'ar hukuma gidanmu ta ga inda marainiya take. Ta tambayi Gwaggo, a gaban yarinyar, mece ce tsakaninsu. Gwaggo ta ce 'yarta ce. Jami'a ta ce, ta riƙo? Gwaggo ta ce, "Ni na haife ta." Sau uku ana tambaya, sau uku tana maimaitawa. Jami'a ta rubuta.

"To kin gani," in ji Madam Su'ad. "Wannan takarda ta ce uwa ta mutu. Wannan ta ce uwa tana Ma'adi tana soya albasa. Ɗaya ƙarya ce. Har sai matar ta zo nan da bakinta, da yarinyar, da shaidu maza biyu, ta warware abin da ta faɗa. Na gaya wa dogon nan ya fi sau hamsin. Sai ya ce min wai ba zai iya ba. Me ke cikin wannan na rashin iyawa?"

Ta ina zan fara? Ta yaya zan fahimtar da Bamisiriya cewa a wajenmu uwar da ta haifa ita ke kawar da kai, ko sunan ɗan fari ba ta faɗa, ita kuwa uwar riƙo ta gwammace a yanke mata harshe da ta ce "ba nawa ba ne" a gaban yaro? Balle Gwaggo, da ta yi aure biyu ba ta taɓa ko ɓari ba. Kowa ya san ba ita ta haifi Mardiya ba. Mardiya ma ta sani, hoton uwarta na cikin akwatinta. Sani daban, faɗa daban.

"Saura kwana ashirin da tara," Madam ta ƙara, tana ɗaure igiyar. "In shekara biyar ta cika, a rufe fayil, abin da ya taru ya koma baitulmali. Khalas, shi ke nan."

A ƙasan matakala na same shi, ashe ya gane takalmina tun a tasha.

"Malam, shekara biyar! Bakinka ciwo yake?"

"Rabi'a, ki yi min adalci. In dubi tsabar idon Gwaggo in ce ta zo gaban hukuma ta ce ba ta haihu ba? Da wane bakin? Na ɗauka takarda za ta gyara abin da takarda ta ɓata."

"Ana can ana cewa kana da garke a Tawa."

"Na ji. Har an ce akwai bijimi ja." Ya ɗan yi murmushi. "In kin gan shi ki gaishe min da shi."

"To bakwai ɗin da kake kawowa fa, in fayil a dakatar yake?"

Ya dubi titi. "Wannan ta wata hanya ce daban. Yalla, yi sauri, jirgi zai wuce ki."

Na ɗauka wani ɗan tallafi ne ake cirewa daga ciki kafin a warware. Kaina na kan kwana ashirin da tara, ban bi ta kai ba.

Ranar Juma'a da hantsi Gwaggo na gida, tana yi wa Mardiya kitso, ƙafafun yarinyar miƙe a tabarma, kwalbar man kaɗe a gefe. Na jira aka gama, na aiki Mardiya sayen gawayi, na zauna na warware mata komai. Ta saurara har ƙarshe, tana goge matajin da gefen zaninta.

"A bar musu," ta ce.

"Gwaggo, ba naki ba ne balle ki yafe."

"Me ta rasa a gidan nan? Ci ko sha? Sutura?"

"Ba ta rasa ba. Amma gumin ubanta ne, shekara goma sha tara yana shaƙar hayaƙin jirgi. Gobe in ta ce likita za ta karanta, da me? Da kunyarmu?"

"Ke Rabi, ki kiyaye ni." Ta ajiye matajin. "Kwananta tara aka sa min ita a cinya. Ko wuyanta bai tsaya ba. Ni na tauna mata, ni na goya ta har bayana ya saɓule. Yau in tsaya gaban wata mai gilashi in ce ba tawa ba ce? Tana ji? Mutanenmu ba sa haka."

"Mutanenmu ba su da fayil a hawa na uku, Gwaggo."

Ban san Mardiya ta dawo ba sai da na ji ledar gawayi ta taɓa ƙasa. Ta shigo a hankali, kitsonta sabo yana ƙyalli, ta durƙusa ta dafa gwiwar Gwaggo.

"Inna, ba sai kin ce ni ba taki ba ce. Ki faɗi sunanta kawai. Ban taɓa jin kin faɗa ba. Baba ya ce ke kika riƙe hannunta a asibiti."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta sauke mayafin, ta share ido, ta ce da ni cikin faɗa, kamar ni na yi laifi, "Sai ki goge min leshina mai ruwan goro. Ba zan je gaban hukuma kamar 'yar aiki ba."

Saura shaidu biyu. Nan fa na ce Allah Ya kawo ni. Na sauka kantin Ammu Sa'id na buga wa Baffa.

"Baffa, na yarda a je a tona asirin Hassumi. Amma hukuma ta ce sai da dattawa biyu da suka san marigayi. Na ce ai babu kamar kai da Alhaji Ɗantsoho."

"Yanzu kika yi hankali," ya ce. "Ƙarfe nawa?"

Kar ku dube ni haka. Tona asiri na ce, ban ce wane iri ba.

Ranar Litinin muka cika ofishin Madam Su'ad. Gwaggo cikin leshi da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, da warwaron azurfa da ban taɓa ganin ta sa ba. Mardiya da kayan makaranta. Baffa da Ɗantsoho sun sha manyan riguna kamar masu zuwa ɗaurin aure, suna harare-harare. Hassumi ya maƙale a jikin ƙofa, da za ta buɗe masa da ya shige cikin katakon.

Madam ta sa gilashi, ta buɗe fayil, ta karanta abin da jami'a ta rubuta shekara biyar baya. Ina fassarawa ina kallon Baffa. Na ga girarsa ta haɗu, ta rabu, ta sake haɗuwa.

"Ya Hajja," Madam ta ce da Gwaggo, "wa ya haifi yarinyar nan?"

Gwaggo ta miƙe tsaye, ba wanda ya ce ta tashi. Ta kamo hannun Mardiya. Ba ta jira fassarata ba, da Larabcinta na kicin ta amsa.

"Hanan ce ta haife ta. Hanan 'yar Abdulgani, matar Ma'azu. Ranar Talata, bayan la'asar. Ta gan ta, ta yi dariya, ta ce hancin ubanta ne. Ba ta kai magariba ba. Allah Ya jiƙanta." Ta ja numfashi. "Ni kuma ni ce uwarta. Ki rubuta duka biyun."

"Babu gurbin na biyun a takardar, ya Hajja."

"Ki nemo."

Madam Su'ad ta dube ta ta saman gilashi. Sai ta juya takardar a kaikaice, ta rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe, ta buga hatimi a kai, dam! Ta zaro hankici daga hannun riga ta fyace hanci, tana zagin ƙurar fayil.

Shaidu suka sa hannu. Nan na sa baki na ce ina da roƙo: kada a damƙa kuɗin a hannun kowa, ko Gwaggo, ko ni, ko wani mai babbar riga. A buɗe wa Mardiya littafin ajiya da sunanta, abin da ya taru ya shiga can, ba mai taɓawa sai da izinin alƙalin marayu. Na wata-wata kuma Gwaggo ta riƙa zuwa da ita suna karɓa tare.

Baffa ya yi gyaran murya. "Ai da an kawo shago an juya mata..."

"Gidaɗo," Gwaggo ta ce, ba ta ko waiwaya ba. Bai ƙarasa ba.

"Tamam, hakan ya yi," in ji Madam. Ta tafi da fayil, ta bar mu kusan awa guda muna kallon fanka. Ta dawo da takardar lissafi, ta karanta da ƙarfi: gine dubu ɗaya da sittin da biyu.

Ɗantsoho mai canji ne, lissafi a jininsa yake, ko barci yake ka faɗi lamba sai ya amsa. Na ga leɓensa na motsi, babban yatsa na bin gaɓoɓin sauran.

"A'a, akwai kuskure," ya ce da Hausa, ya sake faɗa da Larabci. "Sha takwas sau hamsin da tara ke nan cif. Ba a cire bakwai-bakwai ɗin da ake ba shi ba. Kamata ya yi ya zama ɗari shida da arba'in da tara."

"Wane bakwai?" Madam ta ce. "Ya Hajj, tun ranar da aka ɗaure igiyar nan ko ƙwandala ba ta fita daga fayil ɗin nan ba. Ba wanda aka ba komai."

Gaba ɗaya muka juya wajen ƙofa. Hassumi ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa.

"Ɗan nan," Gwaggo ta ce a hankali, "ambulan ɗin fa?"

"Gwaggo, mutane na jira a layi."

"Su jira. Nawa ake ba ka a makaranta?"

Sai da ta tambaya sau biyu ya faɗa, can ƙasa-ƙasa. Baffa ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

Babu wanda ya ci kuɗin Mardiya. Gine goma sha shida ake ba Hassumi kuɗin tallafin karatu duk wata. Tara yake ci, bakwai yake sawa a ambulan, wata hamsin da tara.